Haƙori da Haƙuri: Waiwaye a Kan Tarihin Wayar Daidaita Haƙora

Gabatarwa

A duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai haƙori tauri. Nama yakan ruɓe, ƙashi yakan rududduge, amma sau da yawa masu tonon kufai sukan tarar da haƙoran mutanen da suka yi shekaru dubbai a ƙarƙashin ƙasa suna nan garau. Duk da wannan tauri nasa, a yau likita yakan ɗaura wa haƙori wata 'yar siririyar waya wadda ƙaramin yaro ma zai iya lanƙwasawa da yatsa, kafin shekara biyu sai haƙorin ya bar mazauninsa ya koma inda aka nufe shi da zama. Wannan waya, wadda a da sai a finafinan Turawa ake ganin ta, yanzu ta shigo manyan biranenmu, har ta kai ga azuzuwan jami'a.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan waya tun daga tushenta. Duk wanda ya bi sawun zai ga cewa tambayoyi biyu ne suka yi ta ɗawainiya da masu wannan sana'a. Ta farko ita ce, ta yaya za a matsar da haƙori ba tare da an kashe shi ba? Ta biyu kuma, idan an iya matsar da shi, ina ya kamata a kai shi? Tambaya ta farko ilimin kimiyya ya amsa ta bayan an yi ƙarnoni ana lalube. Ta biyu kuwa har gobe ba a gama da ita ba, domin amsarta ta rataya ne a kan abin da kowace al'umma ta ɗauka kyau ne. A nan ne kuma zancen ya shafe mu, mu da muke yaba wushirya.

Zamanin Yatsa da Zare

Daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka iso gare mu a kan wannan batu akwai na Celsus, wani marubucin Rum da ya rayu a ƙarni na 1 Miladiyya. A littafinsa na likitanci ya ba da shawarar cewa idan sabon haƙori ya tsiro wa yaro kafin ya yi famfarar tsohon, to, a cire tsohon, sa'an nan a riƙa tura sabon da yatsa kullum har ya zauna a gurbinsa. Shawarar tana kama da dabarar tsofaffi, amma a cikinta ne sirrin sana'ar yake ƙunshe, wato matsi kaɗan, a kai a kai, na tsawon lokaci. Duk ƙarafan da aka ƙera a ƙarnonin da suka biyo baya ƙoƙari ne na samar da yatsan da ba ya gajiya, ba ya kuma barci.

Bayan kusan shekaru dubu, a Ƙurɗuba ta Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya taɓo haƙora a kundinsa At-Tasrif mai kashi 30. Ya bayyana yadda ake rage haƙorin da ya zarce 'yan'uwansa da magagari, da yadda ake ɗaure haƙoran gaba masu girgiɗi da zaren zinariya ko na azurfa. Ya fifita zinariya, domin azurfa takan sauya launi ta lalace a cikin baki. Ɗaurin Az-Zahrawi na riƙe haƙori ne a wurinsa, amma ya nuna cewa baki yana iya jure wa ƙarfe idan an zaɓi mai kyau.

Ƙarfe na farko da aka rubuta bayaninsa filla-filla domin jan haƙori zuwa layi ya fito ne daga Faransa. A shekarar 1728 Pierre Fauchard ya buga littafinsa Le Chirurgien Dentiste a Faris. A ciki ya siffanta wani fallen zinariya ko azurfa da aka lanƙwasa kamar kofaton doki, aka huhhuda shi. Akan ɗora fallen a jikin haƙora, a zura zare ta hujojin a ɗaure karkataccen haƙori, a riƙa ƙara tamkewa lokaci lokaci. Idan haƙori ya ƙi, Fauchard yakan kama shi da wani irin awartaki ya murɗo shi da ƙarfi a zama ɗaya, ya ɗaure shi da maƙwabtansa har ya warke. Duk wannan kuwa a zamanin da babu allurar kashe zafi.

Daga nan sai dabaru suka riƙa biyo juna. A 1757 Etienne Bourdet, likitan haƙorin Sarkin Faransa, ya kawo shawarar cire ƙananan turame domin a buɗa wa sauran haƙora fili. A 1841 wani Bafaranshe mai suna Lefoulon ya laƙaba wa fannin suna daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "miƙaƙƙe" da "haƙori". Da Charles Goodyear ya yi rajistar hanyarsa ta sarrafa roba a 1844, likitoci suka sami abin ja mai talewa wanda ya fi zare. Duk da haka, har ƙarshen ƙarni na 19 kowa tasa ta fisshe shi ake yi, babu wata ƙa'ida da aka haɗu a kanta.

Edward Angle da Rikicin Cire Haƙori

Wanda ya mayar da wannan aiki fanni mai cin gashin kansa shi ne Edward Angle, Ba'amurke ɗan manomi, wanda aka haifa a 1855 ya rasu a 1930. Kafin zamaninsa mafi yawan masu aikin haƙoran gaba suka fi kula da su, domin su ne ido ke gani. Shi kuwa cewa ya yi a leƙa ciki, a duba yadda babban turmi na farko na sama yake hawa kan takwaransa na ƙasa idan an rufe baki. A kan wannan ma'auni ne ya karkasa matsalolin jerin haƙora gida uku a shekarar 1899. A rukuni na 1 turamen sun haɗu daidai, sai dai sauran haƙoran sun cunkushe ko sun karkace. A rukuni na 2 jerin ƙasa ya ja baya, sau da yawa na sama sukan turo waje. A rukuni na 3 jerin ƙasa ne ya yi gaba. Har yanzu da wannan rabe-rabe ɗaliban likitancin haƙori suke fara karatu a ko'ina cikin duniya.

A 1900 ya buɗe makaranta a birnin Sent Luwis wadda ba a koyar da komai a cikinta sai wannan fanni. Ya ƙera na'urori iri iri, mafi muhimmanci daga ciki ita ce wadda ya bayyana a 1928. Akan sa wa kowane haƙori zoben ƙarfe mai ɗauke da ɗan maɓalli, a jikin maɓallin akwai tsaga mai kusurwa huɗu, sai a zura waya ita ma mai kusurwa huɗu a ciki. Da yake wayar ba ta iya mirginawa a cikin tsagar, likita ya sami ikon sarrafa kan haƙori da saiwarsa gaba ɗaya. Wayar da muke gani a bakin mutane yau jikar wannan ce.

To, amma ina za a kai haƙoran? Angle ya ɗauki fuskar wani gunkin marmara na Apollo da ke fadar Batikan a matsayin cikar kyawun fuska. Da ya tuntuɓi Edmund Wuerpel, wani malamin zane, sai wannan ya nuna masa cewa fuskokin mutane sun sha bamban ƙwarai, ba zai yiwu a ɗauki ɗaya a ce ita ce ma'auni ba. Sai Angle ya koma ga wata aƙida, wato cewa kowane mutum zai sami fuskar da ta fi dacewa da shi ne idan aka jera masa haƙoransa 32 cif, ba tare da an cire ko ɗaya ba. Ya yi imani cewa idan aka faɗaɗa jerin, ƙashi zai tsiro ya biyo haƙora.

Ba kowa ne ya yarda ba. A 1911 Calvin Case na Cikago ya kafa hujja a gaban taron likitocin haƙori cewa akwai bakin da ba zai ɗauki haƙoransa duka ba, dole a rage. Martin Dewey, almajirin Angle, ya mayar masa da martani mai zafi, kuma ɓangaren Angle ne ya yi rinjaye, har cire haƙori ya zama kamar abin kunya a sana'ar. Sai dai gaskiya ba ta neman ado. Charles Tweed, wani almajirin Angle da ke aiki a Arizona, ya lura cewa mutanen da ya yi wa aiki bisa koyarwar malaminsa haƙoransu suna komawa gidan jiya, wasu kuma bakinsu ya turo gaba. Sai ya sake kiran su, ya cire wa kowanne ƙananan turame huɗu, ya sake aikin. A 1940 ya baje sakamakon mutum 100 a gaban abokan sana'arsa. Ya sha suka, amma daga baya jama'a suka bi shi.

Alƙaluman asibitin koyarwa na Jami'ar Karolina ta Arewa sun nuna yadda ra'ayi ya yi ta lilo. A 1953 kashi 30 cikin 100 na masu sa waya aka cire wa haƙori, a 1968 adadin ya haura zuwa kashi 76, a 1993 kuma ya sauko zuwa 28. Bakunan mutane ba su sauya ba cikin waɗannan shekaru 40. Abin da ya sauya shi ne ra'ayin likitoci, da kayan aikinsu, da irin fuskar da ake yayi.

Yadda Haƙori Yake Tafiya

Yayin da ake wannan muhawara, wasu suna can ɗakin bincike suna neman amsar tambaya ta farko. A 1904 Carl Sandstedt na Suwidin ya sa wa karnuka waya, sa'an nan ya duba muƙamuƙansu da madubin ƙara girma. Abin da ya gani shi ne ginshiƙin fannin har yau. Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai wani tantani mai zaruruwa da jijiyoyin jini, kaurinsa bai wuce kusan rubu'in milimita ba. Idan aka matsa haƙori, a gefen da tantanin ya matsu wasu ƙwayoyin halitta sukan taso su riƙa cinye ƙashi, a gefen da ya miƙe kuma wasu su riƙa gina sabo. Ashe haƙorin tafiya yake yi da raminsa, ana rushe bango a gabansa ana yaɓa wani a bayansa.

Wannan aiki ba ya son gaggawa. Idan matsin ya yi yawa, jini yakan daina gudana a tantanin, wurin ya mutu, haƙorin ya tsaya cik, wani lokaci ma saiwarsa ta zaizaye. Shi ya sa haƙori ba ya wuce tafiyar kimanin milimita ɗaya a wata, aikin kuma yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ko fiye. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan an cire waya ma da sauran rina a kaba, domin zaruruwan dasashi suna ƙoƙarin mayar da haƙori inda ya fito. Tun a 1919 Charles Hawley ya fito da wani mariƙi da ake sawa a cire domin tsare sabon jerin. Binciken da aka yi a Jami'ar Washintan da ke Siyatil a shekarun 1980 ya nuna cewa mafi yawan waɗanda suka daina sa mariƙi haƙoransu na ƙasa sun sake cunkushewa bayan shekaru. Saboda haka likitoci da yawa a yau sukan ce a riƙa sa shi da dare muddin ana son jerin ya dawwama.

Daga Zinariya Zuwa Roba

A zamanin Angle da zinariya da makamantanta ake ƙera waya da zobba, don haka aikin na masu hannu da shuni ne. Daga shekarun 1930 ƙarfen da ba ya tsatsa ya fara maye gurbin zinariya, kafin 1960 ya kusa kore ta gaba ɗaya. A 1955 Michael Buonocore ya ari wata dabara daga masu fentin ƙarfe, waɗanda sukan shafa wani asid kafin su yi fenti. Ya gano cewa idan aka shafa irinsa a fuskar haƙori na ɗan lokaci, wurin yakan yi kaushi yadda gam zai kama. A 1965 George Newman ya yi amfani da wannan wajen manna maɓallai kai tsaye a kan haƙora, kafin ƙarshen shekarun 1970 kuwa an daina sa wa kowane haƙori zobe.

Waya ita ma ta sauya. Wajen 1960 William Buehler ya haɗa nikel da taitaniyam a wani ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka, ya sami ƙarfen da komai aka lanƙwasa shi yakan nemi komawa siffarsa ta asali. A farkon shekarun 1970 George Andreasen na Jami'ar Ayowa ya shigo da shi bakin ɗan Adam. Wannan waya takan yi ta ja a hankali makonni da dama ba tare da an taɓa ta ba, wato dai an sami yatsan da Celsus ya nema. Daga baya aka fito da maɓallan da ake mannawa ta bayan haƙora, da masu launin haƙori. A 1997 aka kafa kamfanin da ya fito da Invisalign, wato jerin kwasfa na roba garai-garai da kwamfuta ke tsarawa, kowace tana matsar da haƙora kaɗan kafin a sauya ta da ta gaba.

Ma'aunin Wa?

Mu koma ga tambaya ta biyu. A 1931 Holly Broadbent a Amurka da Herbert Hofrath a Jamus, kowa a nasa ɓangaren, suka fito da hanyar ɗaukar hoton ƙashin kai daga gefe bisa tsayayyen ma'auni. Wannan ya ba da damar auna kusurwoyin fuska da alƙaluma. A 1948 William Downs ya fitar da jadawalin kusurwoyin da ya kira na daidai, kuma ya samo su ne daga matasa 20, 'yan shekara 12 zuwa 17, dukkansu Turawan Amurka. Haka nan a 1972 Lawrence Andrews ya nazarci bakuna 120 da ya ga sun yi kyau ba tare da an taɓa yi musu aiki ba, ya fitar da sharuɗɗa shida na cikakken jeri. Na biyar daga ciki shi ne kada a sami tazara tsakanin haƙora.

Idan muka bi wannan sharaɗi, wushirya ta zama aibi ke nan. Alhali kuwa a ƙasar Hausa ado ce da ake yabon mai ita, maƙwabtanmu Yarabawa kuma suna kiran ta eji, suna ƙirga ta cikin alamun kyau. Larabawan da ma sun ƙaunace ta, har wasu mata suka riƙa goge haƙoransu domin su same ta, abin da hadisi ya yi hani a kai. A Japan an yi zamanin da baƙin haƙori ne ado, har sai da hukuma ta hana manyan fada rina haƙora a 1870, a shekarun 2010 kuma an yi yayin da 'yan mata suke biyan kuɗi a manna musu fiƙa mai hawa kan 'yan'uwanta. Mu kanmu kakanninmu mata sun rina haƙora da fure da goro, alhazanmu sun dawo da haƙorin Makka. Abincin wani gubar wani.

Likitocinmu ba su yi barci a kan wannan ba. Bayan da aka buɗe makarantar likitancin haƙori ta farko a Nijeriya a Jami'ar Legas a 1966, an sami ƙwararru 'yan ƙasa da suka auna fuskokin mutanenmu. Binciken da aka yi a Legas a shekarun 1980 ya nuna cewa haƙoran gaban 'yan Nijeriya, sama da ƙasa, sun fi na Turawa karkatowa gaba, kuma wannan halitta ce, lafiya lau. Da za a bi jadawalin Downs ido rufe, da an cire wa dubban mutane lafiyayyun haƙora domin a kai su ga fuskar da ba tasu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa duk aikin yayi ne. Akwai buƙata ta gaske. Yaron da haƙoransa na sama suka turo waje sosai ya fi saurin karya su idan ya faɗi. Wanda ya daɗe yana tsotson yatsa yakan tashi haƙoran gabansa ba sa haɗuwa, ya kasa gatsar abu, furucin "s" da "z" ya ba shi wahala. Haƙorin da ya maƙale cikin ƙashi sai da waya ake jawo shi, kuma yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe da ganɗa yana buƙatar wannan fanni tare da tiyata. Ga irin waɗannan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, domin aikin ya fi sauƙi lokacin da muƙamuƙi yake kan girma, ko da yake manya ma haƙoransu suna motsawa.

Haɗarin yana wajen da waya ta zama alamar arziki. A Tailan tun a shekarun 2000 hukuma ta haramta sayar da wayar bogi da matasa suke mannawa don ado. A Amurka kamfanin SmileDirectClub, wanda ya riƙa aika wa mutane kwasfar roba ta gidan waya ba tare da sun zauna gaban likita ba, ya rufe a Disambar 2023 ya bar abokan cinikinsa a tsakiyar aiki. Irin wannan yayi ya iso gare mu ta kafofin sada zumunta. Abin da ya kamata a sani shi ne, waya ba ta san wasa ba. Ko ta ado ce, muddin tana matsa haƙori, zai tafi, kuma babu wanda ya tsara masa inda zai tsaya. Haka ma wanda ya kai haƙoransa a goge masa domin ya sami wushirya, farin rufin haƙori da ya rasa ba ya sake tsirowa. Garin gyaran gira bai kamata a rasa ido ba.

Kammalawa

Mun ga cewa daga yatsan Celsus zuwa robar da kwamfuta ke tsarawa, hanyar matsar da haƙori ɗaya ce, kayan aiki ne suka yi ta inganta. Mun kuma ga cewa ma'aunin da ake kai haƙoran gare shi mutane ne suka tsara shi, a wani wuri, a wani zamani, daga fuskokin da suke gani a kewayensu. Wanda ya san wannan tarihi zai shiga ɗakin likita da idonsa a buɗe. Zai tabbatar cewa mai aikin yana da rajista da hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori ta Nijeriya. Zai tambaya ko abin da ake son gyarawa ya shafi tauna da magana da lafiyar dasashi, ko kuwa na ganin ido ne kawai. Idan aka ce za a cire haƙori, zai nemi a gaya masa dalili. Idan yana son wushiryarsa, zai faɗa tun kafin a manna maɓalli na farko, kuma likitan kirki zai saurare shi. Sa'an nan ya shirya wa shekara biyu na zuwa asibiti da tsabtace baki, da mariƙin da zai biyo baya, domin a wannan sha'ani haƙori ba ya gyaruwa sai da haƙuri.